Santsi da Katakon Saman Bene

A unguwar da yake zaune yanzu an fi saninsa da Baba Mai Benci, saboda wani dogon katako mai sheƙi da yake zama a kai a ƙofar gidansa, wanda ba ya yarda a ɗora wa tukunya ko a taka da takalmi mai ƙusa. Amma waɗanda suka yi ƙuruciyarsu a babban birnin cikin shekarun saba'in, ko da gemunsu ya yi fari fat, da sun hango shi sai su ɗaga hannu su ƙwala masa kira, "Santsi!" Shi kuwa ya ba su amsar da yake bayarwa tun wancan zamani: "A taka a hankali."

Shi ba mawaƙi ba ne, ba makaɗi ba ne, kuma hotonsa bai taɓa fitowa a takardun talla da ake liƙawa a bango ba. Aikinsa shi ne kula da dandamalin rawa na wani kulob da ake kira Saman Bene, kuma ya yi shekara goma sha tara yana yin sa.

Wanda bai ga titin nan a daren Asabar ba, da wuya ya yarda da abin da ake faɗa a kansa. Kulob biyar ne a jere, kowanne da makaɗansa na gaske, masu jita da ganguna da ƙahonni, kowanne kuma yana buɗe tagoginsa don ya danne sautin maƙwabcinsa. Tasi na sauke mutane tun daga kwana, domin babu hanyar shiga. Akawuna, nas-nas, direbobin jirgin ƙasa, ɗaliban jami'a, 'yan kasuwar da suka shigo da kaya da safe, duk suna tafe cikin wanduna masu buɗaɗɗiyar ƙafa da riguna masu manyan kwala, ƙamshin turare na karo da hayaƙin mota. Saman Bene yana hawa na biyu, a kan wani shagon sayar da rediyo. Matakala talatin da biyu ake hawa. Tun daga ta goma mutum zai fara jin ginin yana motsi a tafin ƙafarsa, kuma wannan motsin shi ne abin da sauran kulob huɗun ba su da shi. Su a kan siminti ake rawa. A Saman Bene a kan katako ake yi.

Kawun Santsi, ƙanin mahaifiyarsa, shi ne kafintan da ya shimfiɗa dandamalin. Falle ɗari biyu da goma sha huɗu ya jera, ya bar sarari a ƙarƙashinsu yadda katakon zai riƙa lotsawa kaɗan yana dawowa, ya ɗauke wa mai rawa gajiyar gwiwa. Santsi yana ɗan shekara ashirin a lokacin, tare suka yi aikin. Da aka gama, mai kulob ɗin, wata mace mai kaifin ido da kowa ke kira Madam, ta ce tana son wanda zai riƙa kula da shi. Kawu ya nuna ɗan 'yar'uwarsa ya ce, "Ga shi nan. Ba shi da surutu, kuma ya san inda kowace ƙusa take." Mahaifiyarsa kuwa ta yi shekara takwas tana gaya wa maƙwabta cewa ɗanta aikin katako yake yi, na dare. Har yau Santsi yana cewa bai yi mata ƙarya ba.

Sirrin aikin yana cikin wani gwangwanin madara da ya huhhuda wa murfi da ƙusa. Da la'asar yakan goge kyandir a magogi har ya zama gari, ya ajiye hoda a gefe, amma ba ya haɗa su sai ya ga ƙafafun da za su hau katakon. Da an fara layi a ƙofa sai ya sauka, ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe, kansa a sunkuye, hannuwansa a baya. Baƙi sukan ɗauka kunya ce ke damunsa, wasu kuma su yi zaton wani abu ya yar. Takalma yake dubawa. Takalmi mai ƙasan fata yana zamewa da kansa, ɗan barbaɗi kaɗan ya ishe shi. Mai ƙasan roba kuwa cije katako yake yi, sai an ba shi kyandir da yawa kafin ya saki. Idan ya ga wanda ya rinjaya a daren, sai ya hau ya haɗa, ya barbaɗa, ya tuɓe takalmansa, ya rage safa kawai. Daga nan ya ja da baya zuwa gindin dandalin makaɗa, ya yi gudu taku uku, ya saki jiki. In ya tsaya daidai ginshiƙi na biyu, katako ya yi. In ya wuce, ya yi yawa. In bai kai ba, a ƙara. Daga wannan zamiyar ya sami sunansa, kuma ma'aikatan kulob ɗin sukan bar abin da suke yi su zo kallo.

Abin mamakin shi ne, duk tsawon shekarun nan ba a taɓa ganin ya yi rawa ba, in ban da dare ɗaya.

Wadda ta fi kowa tsokanarsa a kan haka ita ce mai ajiyar kaya, wadda tagarta ke bakin matakala ta sama. Jakunkuna da laimomi da kwat-kwat ake ba ta, ita kuma ta miƙo ɗan ƙarfe mai lamba a jikin igiya, shi ya sa ake kiranta Lamba.

"Malam mai duban ƙafa," takan ce idan zai wuce, "yau me ƙafafun suka ce maka?"

"Sun ce ki yi aikinki."

"Shekara biyar muna wurin nan, ka san lambar takalmina, amma in an ce ka kwatanta fuskata sai ka nemi taimako."

"Talatin da takwas, dunduniyar hagu ta cinye. Ki kai wa mai gyara."

"Allah ya shirye ka."

A shekararsa ta takwas a wurin, ɗan Madam ya dawo daga karatun sarrafa otal, aka ba shi kujerar manaja. Yaro ne mai ƙoƙari, kuma ya kamata a yi masa adalci: abin da ya gano a waje shi ne ya zama yayi bayan 'yan shekaru. Ya ce katako kayan da ne. A ɓamɓare shi, a sa tayil mai fitilu masu launi a ƙarƙashi, wanda mai shara zai goge da tsumma a minti biyar. Bai ambaci sunan Santsi ba, amma babu wanda bai gane ba: inda babu katako, babu aikin mai gwangwani. Uwa da ɗa suka yi wata biyu suna ja-in-ja. Daga ƙarshe Madam ta yanke magana a gaban ma'aikata. Gasar rawa ta kulob biyar ɗin, wadda ake yi shekara-shekara, a Saman Bene za a yi ta a bana.

"In katakon nan ya ba mu kunya a ranar," ta ce, "ranar Litinin a kira masu tayil. In bai ba mu ba, kada in sake jin maganar. Santsi, ka ji?"

"Na ji, Madam."

Ranar gasar, ruwan sama ya tsuge tun azahar bai ɗauke ba. Duk da haka, kafin ƙarfe takwas layi ya kai har shagon mai ɗinki a kwana, laima na gogar laima, ana dariya ana tsallake kwatami. Santsi ya sauka ya bi layin kamar kullum, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba: roba, roba, roba. Har Akawu, ma'aikacin gidan waya da ya ci gasar sau uku a jere, wanda aka san shi da takalmin fata ɗinkin hannu, yau wani baƙin takalmin roba ne a ƙafarsa. Abokiyar rawarsa, wata nas doguwa, ita ma haka. Santsi ya ƙirga masu gasa ashirin da huɗu, bai ga ƙasan fata ko ɗaya ba. Ya ce a ransa lallai yayi ya juya, gara da ya sauko. Ya hau a guje, ya ninka kyandir, ya ƙara hoda, ya barbaɗa har sau biyu. Da ya gwada da safa, ya wuce ginshiƙi na biyu, ya wuce na uku, sai da ya dafa bango. Wannan bai dame shi ba. Ga roba, haka ake so.

Yana komawa ajiye gwangwani Lamba ta leƙo ta tagarta.

"Santsi, zo ka ga wani abu."

"Ba yau ba, Lamba."

"Na ce ka zo!"

"In an tashi kya yi tsokanarki."

Ya wuce. Da ya leƙa, da ya ga abin da ke jibge a bayanta: takalman roba, jiƙe sharkaf, kowanne da lamba a ɗaure. Masu gasar sun sa su ne don ruwan sama kawai. Takalman rawarsu na fata suna cikin jaka, a bushe, kuma a ɗakin canza kaya suka sa abinsu suka kawo mata na robar ajiya. Ta so ta bi shi, amma mutum hamsin na tsaye a gabanta da laimomi suna ɗiga.

Ƙarfe goma shugaban makaɗan, wani mai busa ƙaho da ake kira Kyaftin saboda farar hular da ba ya cirewa, ya ɗaga hannu. Ganguna suka ɗauka. Fitilu suka koma ja da shuɗi, ƙwallon madubin da ke rataye a tsakiya ya fara watsa haske a bango, wuri ya kaure da tafi da fito. Aka kira zakara ya buɗe fili. Akawu ya fito cikin farin kwat, ya riƙo hannun Nas, ya rusuna wa alƙalai uku da ke zaune a teburinsu. Taku huɗu ya yi lafiya. A na biyar ya juya, juyin nan nasa da ake zuwa kallo daga wasu unguwanni, sai ƙafafunsa suka tafi suka bar shi. Ya faɗi zaune, bai kuma tsaya a nan ba. Haka ya yi ta tafiya a kan mazaunansa, hannu ɗaya a sama, har ya shige ƙarƙashin teburin alƙalai, jug ɗin ruwa ya biyo shi. Nas ta rungume ginshiƙi.

Dariyar da aka yi, an ce har a kulob ɗin tsallaken titi an ji ta. Aka ce tsautsayi ne, aka kira biyu na gaba. Su taku uku ma ba su kai ba.

Santsi yana tsaye a gindin dandalin makaɗa, idonsa a kan ƙasan takalmin Akawu da ke leƙowa daga ƙarƙashin tebur. Fata ce, sabuwa, tana sheƙi. Ya hango Manaja ya sunkuya yana magana a kunnen uwarsa, sannan ya miƙe ya nufi makirufo. Babu mai shakkar abin da zai faɗa: a dakatar da gasa, a koma tsallaken titi a ƙarasa a kan siminti. Kuma ko da an ba shi dama, in ya fito da bokiti da tsumma a gaban mutum ɗari huɗu, kunyar da Madam ta ambata ta riga ta tabbata.

Sai ya ji an finciki rigarsa. Lamba ce, ta rufe tagarta, ta rungumo tawul huɗu na masu raba abin sha, da kwalaben lemo biyu, da tarin igiyoyin lamba a wuyanta.

"Ba kai ka taɓa ce min lemo in ya zube yana sa katako danƙo ba?"

"Haka ne, amma..."

"Zauna. Miƙo ƙafa."

Ta yayyafa lemon a tawul, ta naɗe masa kowace ƙafa, ta ɗaure tam da igiya, ta yi wa nata haka. Sai a lokacin ya gane nufinta. Ya ɗaga kai ya kira Kyaftin.

"Yaya, waƙa ɗaya nake so. Mai tsawo, a hankali. Kada ka ba shi makirufon nan."

Kyaftin ya dubi ƙafafunsu, ya dubi Manaja da ke tahowa, ya tura hularsa baya. "Kai, Santsi, ka ma iya rawa kuwa?"

"Na iya katakon."

Kyaftin ya cafke makirufon da hannu biyu. "Jama'a, ku yi haƙuri! Abin da kuka gani share fage ne. Yanzu ga sabuwar rawa, ba a taɓa yin ta a ko'ina ba, daga ma'aikatan gidan nan. Sunanta Goge-goge! Mai ganga, sassauta mana!"

Suka shiga fili. Santsi ya kama hannun Lamba kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai, ya ja ƙafar dama a kan falle na farko, ya biyo da ta hagu. Kansa ya sunkuya da kansa.

"Ɗago kai," ta ce ta cikin haƙora. "In kana kallon ƙasa za su gane shara muke yi."

"In na ɗago ina zan kalla?"

"Ni, mana, sakarai."

Ya ɗago. Ashe ƙafafunsa ba sa bukatar ido. Sun san fallen da ke da ɗan tudu kusa da ginshiƙi na farko, sun san inda Kawu ya haɗa gajeru biyu, sun san kusurwar da ya fi zuba kyandir. Suka bi katakon layi-layi, daga bango zuwa bango, in sun kai ƙarshe Lamba ta juya shi da wani lanƙwasa kafaɗa kamar da gangan aka tsara, su dawo ta layi na gaba. Da farko dariya aka yi ta yi musu. Can wani ya fara tafi daidai da jan ƙafarsu, shuu, shuu, sai wuri duka ya ɗauka. Mai jita ya kama sautin ya mayar da shi kiɗa. Masu raba abin sha, da suka gane abin da ake ciki, suka ajiye farantai, suka taka tawul ɗinsu suka bi bayansu a jere. Wasu 'yan mata daga teburin gaba, waɗanda ba su gane komai ba, suka tuɓe takalma suka fizgi mayafan tebur suka shiga. Kafin a kai tsakiyar fili, mutum sun fi talatin suna goge dandamalin Madam suna ihun murna, Akawu da kansa yana tsaye a kan kujera da jiƙaƙƙen kwat yana ba da umarni.

Waɗanda suka halarta sun sha bamban a kan tsawon waƙar. Lamba ta ce minti tara ne. Wani daga cikin alƙalan ya ce sha biyar. Kyaftin, har ya rasu, yana rantsuwa cewa rabin awa ya yi yana busa, leɓensa ya fashe, kuma ba a taɓa sa shi wahala irin ta ranar ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne yadda ta ƙare. Santsi ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya, fili ya watse. Ya jira fankoki su busar da katakon, ya kwance tawul ɗin, ya rage safa. Ya ja da baya zuwa gindin dandalin makaɗa. Ma'aikata sun san me zai yi, baƙi ba su sani ba, amma kowa ya yi tsit. Ya yi gudu taku uku, ya saki jiki, ya tafi, ya tafi, ya tsaya cak, kafaɗarsa daidai ginshiƙi na biyu.

Masu raba abin sha ne suka fara ihu, sauran jama'a suka taya su ba tare da sun san dalili ba. Aka ci gaba da gasa har ƙarfe uku, babu wanda ya sake zamewa. Akawu ya yi juyinsa sau bakwai a jere, amma na biyu ya zo, domin alƙalin da jug ya jiƙa bai huce ba.

Washegari da hantsi Madam ta hau benen ita kaɗai, ta tarar da Santsi a durƙushe yana kankare ragowar lemo daga tsakanin fallaye. Ta ja kujera ta zauna.

"Kuskuren na wane ne?"

"Nawa ne, Madam. Na duba ƙafa, ban duba jaka ba."

"Wa ya gyara?"

"Lamba."

Ta dubi katakon. "Ɗana ya ce mun ji kunya. Ni kuma tun safe mutum shida suka buga waya suna tambaya ko za a sake Goge-goge ranar Asabar. Katako ya zauna. Amma daga yau, kafin ka haɗa garin nan naka, ka je taga ka tambaye ta abin da ta gani."

Haka aka yi. Kowane dare, bayan ya bi layi, sai ya tsaya a tagar ajiyar kaya ya ji bayani, kuma ma'aikata sun lura cewa bayanin yana ƙara tsawo. Bayan wata bakwai aka ɗaura musu aure. A wajen bikin ne mahaifiyarsa ta gane irin aikin katakon da ɗanta ke yi, da ta ga makaɗa goma sha biyu sun zo gaishe ta. Ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba, sannan ta aiko a tambaye shi ko hodar nan da yake barbaɗa wa katako tana da saura, ya aiko mata.

Katakon ya ƙara shekara goma sha ɗaya. Sauran kulob ɗin suka sallami makaɗansu ɗaya bayan ɗaya, suka koma sa faifai, Saman Bene ne na ƙarshe da ya bi su. Bayan rasuwar Madam aka sayar da ginin, ya zama ɗakin ajiye firji. Ranar da aka zo ɓamɓarar dandamalin, Manaja, wanda shi ma furfura ta fara fito masa, ya aika a kira Santsi ya ce ya zaɓi falle ɗaya. Ya zaɓi na gindin ginshiƙi na biyu.

Shi ne bencin. Duk ranar Asabar da la'asar yakan goge ɗan kyandir ya murza masa da tsumma. In baƙo ya zo jin labari, Lamba takan leƙo daga cikin gida ta ce, "Ka gaya masa sau nawa na kira ka ranar?"

"Sau biyu."

"Sau uku ne. Na ukun ka riga ka yi nisa."

Shi kuwa sai ya matsa ya ba baƙon wuri, bayan ya saci kallon takalminsa.